IN KUNNE YA JI, JIKI YA TSIRA

    

Maganarmu ta yau a kan kunne ce. Kafin mu shiga cikinta, ina roƙonka ka gwada wani abu. Ka zauna shiru, ka ajiye hannuwanka a bisa gwiwa, sa'an nan ka motsa kunnenka. Ka iya? Watakila ka ɗaga gira, watakila fatar goshinka ta motsa, amma kunnen yana nan inda ya ke. A cikin taro akan sami mutum ɗaya ko biyu waɗanda su ke iya kaɗa kunne kaɗan, yara su kewaye su suna dariya. Sauranmu kuwa sai mu kalla.

To, yanzu ka tuna da shanun da a ke kawowa Douala daga ƙasar Adamawa. Tun shekarar 1974, sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta kai Ngaoundere, Kudu da Arewa suka ƙara kusa, shanu kuma suna gangarowa har bakin teku. Ka taɓa tsayawa ka dubi kunnen sa a kara? Ba ya hutawa. Ƙuda ya sauka, kunne ya kore shi. Makiyayi ya yi kira daga baya, kunne ya juya tun kan bai juya ba. Mota ta yi ƙaho daga hagu, kunnen hagu ya miƙe, na dama yana can yana sauraron wani abu dabam. Mene ne ya sa sa ya iya, kai ɗan Adam ka kasa? Wannan ita ce tambayarmu. Amsarta kuwa za ta kai mu ga wani abu wanda ya shafi lafiyarka da ta 'ya'yanka.

Babu abin da ke motsi a jiki sai da tsoka. Tsoka ita ce naman nan ja wanda mahauci ya sani sarai. Aikinta ɗaya ne, ta tsuke ta ja, sa'an nan ta saki. Jijiya ce ta ke kawo mata umurni daga ƙwaƙwalwa. Dabba tana da tsokoki masu yawa kewaye da gindin kunnenta, waɗansu suna ja gaba, waɗansu baya, waɗansu sama, waɗansu suna murɗa kunnen kamar yadda a ke murɗa mazurari. Doki yana iya juya kunnensa ya fuskanci gaba, ya komo ya fuskanci baya, kowane kunne da nasa zaɓi. Haka kyanwa. Mukan ce abu biyu sun yi kunnen doki in sun zo daidai da juna, amma ka lura, daidai su ke a tsawo kaɗai, a wurin aiki kowa da inda ya nufa.

Amfanin wannan motsi ga dabba iri huɗu ne.

Na fari, neman inda ƙara ta fito. Kunnen dabba kamar mazurari ya ke, yana tattara ƙara daga wajen da ya fuskanta. Barewa tana kiwo, kanta a ƙasa, idonta a kan ciyawa, amma kunnuwanta suna tsaro. Zomo yana kwance a gindin kurmi, bai motsa ƙafa ba don kada a gan shi, kunne kaɗai ke yawo. Kyanwa kuma da kunne ta ke gane ramin da ɓera ya ke. Ga mai gudu da mai kora duka, kunne mai motsi shi ne abin da ya raba ci da yunwa, rai da mutuwa.

Na biyu, magana. Dabba ba ta da harshe irin namu, amma kunnenta yana faɗin abin da ke zuciyarta. Kowane mai jaki ya sani, in jaki ya kwantar da kunnuwansa baya sun manne da wuya, sai ka ja da baya, gama harbi ko cizo na zuwa. Kare in ya ji tsoro yakan sauke kunne, in ya ji baƙo yakan ɗaga. Bafillace yakan shiga garke da safe, ya ga saniya ta saki kunnuwa sun yi laƙwas, ya san ba ta da lafiya tun ba ta ƙi ciyawa ba. A shekarar 2014 waɗansu masana a Jami'ar Sussex ta ƙasar Ingila suka gwada dawaki da hoton kan doki yana duban ɗaya daga cikin bokitin abinci biyu. Dawakin suka riƙa bin inda na cikin hoton ya duba. Amma da aka rufe kunnuwan na hoton, ko idanunsa, sai suka rasa wanda za su bi. Ashe doki yana karanta kunnen ɗan'uwansa kamar yadda ka ke karanta fuskar maƙwabcinka.

Na uku, korar ƙwari. Ƙuda da tsando suna son gefen ido da cikin kunne, dabba kuwa ba ta da hannu. Kunne da wutsiya su ne maficinta.

Na huɗu, sanyaya jiki. Giwa ta ƙasarmu, irin wadda ke dajin Waza a arewacin Kamaru da dajin Yankari a ƙasar Bauchi, tana da kunne kamar faifai, cike da hanyoyin jini. In rana ta yi zafi sai ta riƙa kaɗa shi. Iska ta bi ta kan fatar, jinin ya huce, ya koma cikin jiki da sanyi. In kuwa ta buɗe kunnuwan nan biyu ta tsaya tana dubanka, ba zafi ta ke ji ba, kashedi ne.

To, mu fa? Za ka yi tsammani ba mu da tsokar kunne ko ɗaya. Ba haka ba ne. Kowane kunne naka yana da tsokoki uku a waje waɗanda suka ɗaure shi ga kai, ɗaya a gaba, ɗaya a bisa, ɗaya a baya. Akwai kuma ƙanana guda shida a jikin guringuntsin kunnen kansa. Jijiyar da ke motsa fuska, wadda ka ke murmushi da ita, ka ke ɗaure fuska da ita, ita ce ta ke ba su umurni. Suna nan, amma sirara ne, ba su da ƙarfi. Mutumin nan mai kaɗa kunne a gaban yara ba shi da wata tsoka wadda ba ka da ita, ya dai san hanyar kiranta ne. Wani Bature na Ingila, Charles Darwin, ya yi rubutu a kansu a shekarar 1871. Ya lissafta su cikin gaɓoɓin da ya ce ragowa ne, aikinsu ya wuce. Ya kuma lura manyan birai, irin waɗanda ke kurmin Kamaru, su ma ba su cika motsa kunne ba.

Abin da mutum ya rasa a kunne, ya samu a wuya da hannu. Kunnuwanmu biyu suna gefen kai, ɗaya a nan ɗaya a can. In ƙara ta fito daga dama, takan riga isa kunnen dama da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ta kuma fi ƙarfi a can. Ƙwaƙwalwa ta auna bambancin, ta ce wa wuya, juya dama. Lanƙwashe-lanƙwashen nan na kunne kuma, waɗanda ka ke gani kamar ado ne, suna sāke ƙara kaɗan gwargwadon inda ta fito, ko sama ko ƙasa, ko gaba ko baya. Mujiya ma da wuya ta ke aiki, gama ba ta da kunne a waje, sai ta juya kai har ta dubi bayanta. Ka kuma ga tsoho in magana ta yi masa nisa, yakan sa tafin hannu a bayan kunne ya turo shi gaba. Abin da doki ke yi da tsoka, shi tsoho ke yi da hannu.

Shekaru da yawa mutane suna cewa tsokokin nan barci su ke yi. Amma a Jami'ar Saarland ta ƙasar Jamus masana suka manna ƙananan wayoyi a fatar da ke kewaye da kunnen mutane, irin wayoyin da ke jin motsin tsoka ko da ido bai gan shi ba. A shekarar 2020 suka ba da labari cewa in ƙara ta fito daga gefe ɗaya, ko kuwa mutum ya sa hankalinsa ga magana daga gefe ɗaya, tsokokin kunnen wannan gefe sukan farka su yi yunƙuri. A shekarar 2025 suka sāke gwaji da mutum 20. Aka sa su saurari karatun wani littafi, aka kuma sakar musu waɗansu muryoyi don su dame su. Da sauraro ya yi wuya, sai tsokar bisan kunne ta ƙara aiki. Da ƙara ta fito daga baya, sai tsokar bayan kunne ta ja. Motsin ƙanƙane ne ƙwarai, ba a tabbatar yana ƙara wa mutum ji ba. Amma ya nuna abu guda: sa'ad da ka ke fama ka ji maganar abokinka a tsakiyar babbar kasuwar New Bell, jikinka yana ƙoƙari ya miƙa kunne kamar na barewa. Kakanninmu ba su da wayoyin nan, amma su ne suka ce mutum ya kasa kunne, ya baza kunne. Hausa ta riga ta faɗa.

Yanzu bari mu shiga ciki, gama a can ne maganar ta fi nauyi. In ka bi ramin kunne za ka tarar da wata fata siririya a shimfiɗe kamar fatar ganga. Ita ce dodon kunne. A bayanta akwai ɗan ɗaki mai iska, a cikinsa ƙasusuwa uku a jere, masu ilimi sun ba su suna bisa ga kamanninsu: guduma, da maƙera, da likkafa. Ƙashin likkafa shi ne mafi ƙanƙanta a jikin mutum duka, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ƙara ta bugi dodon kunne, dodon ya girgiza guduma, guduma ta miƙa wa maƙera, maƙera ta miƙa wa likkafa, likkafa kuma ta ƙwanƙwasa ƙofar wani ɗaki na can ciki mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikin katantanwar nan akwai 'yan ƙwayoyi masu gashi, wajen 16,000 a kowane kunne. Ruwa ya motsa, gashin ya kaɗa, jijiya ta kai saƙo ga ƙwaƙwalwa. Sa'an nan ne ka ke cewa ka ji.

A cikin ɗakin ƙasusuwan nan akwai tsokoki biyu, su kuwa ba barci su ke yi ba ko kaɗan. Ɗaya tana riƙe da guduma. In ta ja, dodon kunne yakan ɗaure. Ka san kalangu, gangar mahauta. In makaɗi ya matse igiyoyinsa a hamata, fatar ta ɗaure, muryar ta sāke. Haka wannan tsoka ta ke yi. Jijiyar tauna ce ke ba ta umurni. Rugugin nan da wani ke ji a kunne in ya yi hamma ko ya runtse ido da ƙarfi, motsinta ne. Ta biyu tana riƙe da wuyan likkafa, ita ce mafi ƙanƙanta cikin dukan tsokokin da ke jan ƙashi a jiki. In ƙara mai ƙarfi ta shigo, sai ta tsuke ta riƙe likkafa don kada ta bugi ƙofar katantanwa da dukan ƙarfinta. Ko da kunne ɗaya ne ya ji ƙarar, na kunnuwa biyu sukan tsuke tare. Tana kuma tsukewa sa'ad da kai da kanka za ka yi magana, domin kada muryarka ta cika maka kunne. Ba ka taɓa ba ta umurni ba, ba ka taɓa gode mata ba, amma tun kana jariri ta ke gadi.

In kana so ka san darajarta, tambayi wanda ciwon shanyewar gefen fuska ya taɓa kamawa, bakinsa ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa. Jijiyar fuska ita ce ta wannan tsoka kuma. Domin wannan waɗansu masu ciwon sukan ce ƙarar kwano ko kukan yaro yana sukar kunnensu na wannan gefe kamar allura. Mai gadi ne ya kwanta.

Ƙananan jemagu masu cin ƙwari sun fi kowa morar wannan tsoka. Jemagen nan yana tashi cikin duhu yana ƙwala kira mai tsini wanda kunnenmu ba ya ji, yana sauraron amsa-kuwwa don ya san inda bango ya ke da inda sauro ya ke. Kiran yana da ƙarfi ƙwarai, amsar kuwa 'yar siririya ce. Sai tsokar ta tsuke kafin kira ya fita, ta saki kafin amsa ta komo, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Da ba don haka ba, da muryarsa ta hana shi jin abin da ya fita nema.

Amma, ya abokina, ka kasa kunne a nan. Mai gadin nan yana da iyaka uku. Ta fari, yana ɗan jinkiri. Ƙarar bindiga, ko fashewar taya, ko abin wasan wuta da yara ke fasawa lokacin biki, sukan shige kafin ya rufe ƙofa. Ta biyu, ya fi iya rage ƙara mai kauri, irin rugugi. Ƙara mai tsini, irin ta injin yankan ƙarfe, takan wuce shi. Ta uku, yana gajiya. Tsoka ce kamar kowace tsoka. Ɗaga bokitin ruwa ka riƙe shi a miƙe, ka ga ko za ka kai minti nawa. In ƙara ta daɗe, sai ya saki, ƙarar kuma ta riƙa dukan ƙwayoyin gashin nan ba mai tsare su.

Ga abin baƙin ciki. Fata in ta yanke takan warke. Ƙashi in ya karye maɗori yakan ɗora. Amma ƙwayar gashi ta cikin katantanwa in ta mutu, ta mutu ke nan, wata ba ta tsirowa a madadinta. Kaza da kifi sukan sāke tsiro da nasu, ɗan Adam ba ya yi. Ba ta kuma ciwo sa'ad da ta ke mutuwa, ba jini, ba kumburi. Ɗaya ɗaya su ke tafiya kamar hatsi a rumbun da gara ta shiga.

Ka dubi garin da mu ke zaune. Tun asuba babura sun cika titi, waɗanda mutanen nan ke kira bensikin. Ga ƙahon motoci a mararrabar Ndokoti. Ga manyan motoci masu ɗauke da gungumen katako zuwa tashar jiragen ruwa. Ga jiragen sama suna tashi suna sauka, gama filinsu ba shi da nisa da Bonapriso da New Bell. Ga injin niƙa da na markaɗe, ga masu walda, ga janareta in wuta ta ɗauke, ga lasifika a gidan biki har tsakar dare. Bayan wannan duka, saurayi ya kwanta ya cusa abin sauraro na waya a kunne, ya ƙure murya, ya yi barci da shi. Yaushe mai gadin zai huta?

Ana auna ƙarfin ƙara da wani ma'auni da a ke kira desibel. Hira ta yau da kullum wajen desibel 60 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunnen babban mutum yana iya ɗaukar desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cuta ba, amma in ta kai 90, awa 4 kaɗai a mako. Ka ga ƙari kaɗan a lissafi, ragi mai yawa a lokaci. A shekarar 2021 hukumar ta ce mutane fiye da biliyan 1.5 a duniya jinsu ya ragu, miliyan 430 a cikinsu suna bukatar taimako. Ta kuma ce samari da 'yan mata fiye da biliyan 1 suna cikin hatsari saboda yadda su ke sauraron kiɗa. Ta keɓe ran 3 ga Maris kowace shekara domin tunawa da lafiyar kunne. Ba ka da ma'aunin desibel a aljihu, amma ga ma'auni mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye nisan hannu ɗaya da kai ya ji ka, ƙarar wurin ta yi yawa.

Bari in ba ka misali, irin wanda za ka iya samu a kowace unguwa. A ce ga yaro an ba shi aikin injin markaɗe, daga safe har magariba yana tsaye a kansa. Da dare in ya kwanta yakan ji kunnensa yana kuka kamar gyare. Da safe kukan ya tafi, ya ce ba kome. Wannan kukan kuwa jan kunne ne, kunnen da kansa ne ke roƙo. Shekara ta bi shekara, yaro ya zama magidanci. Yana jin murya, amma kalmomi sun fara cuɗewa, gama sautuka masu tsini su ne kan fara ɓacewa. A ɗaki shiru yana ganewa, a cikin taro sai ya riƙa gyaɗa kai yana murmushi. Matarsa ta yi magana daga madafa bai amsa ba, ta ce ya raina ta. Mahaifinsa ya kira shi sau uku, ya ce ɗan nan ya yi girman kai. A majalisa abokai suka gaji da maimaita masa magana, shi kuma ya gaji da cewa, me ka ce? Sai ya daina zuwa. Ka gani? Kunne ne ya lalace, amma zumunci ne ya sha wahala.

Haka kuma yaro ƙarami. Sau nawa a ke dukan yaro a gida ko a makaranta, a ce yana da kunnen ƙashi, alhali ba ya ji ne? Watakila kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa. Watakila ƙyanda ce, ko hangum, ko sanƙarau suka taɓa shi. Ya kai uba, ya ke uwa, kafin ku ɗauki bulala ku gwada shi. Ku tsaya a bayansa inda ba ya ganin bakinku, ku kira sunansa a hankali. In jariri bai firgita da ƙara mai ƙarfi ba, in yaro ya kai shekara biyu bai fara haɗa kalmomi ba, kada ku ce zai yi in ya girma. Ku kai shi a duba, gama yaro da kunne ya ke koyon magana, jinkiri kuwa hasara ne.

To, me za ka yi? Ga abubuwa kaɗan, ba su fi ƙarfin talaka ba. In aikinka na inji ne, nemi abin toshe kunne na roba ko na soso a kantin magani, ka sa shi kullum. Auduga kaɗai ba ta isa ba. In da hali, ka riƙa fita daga ƙarar kana hutawa. A gidan biki kada ka zauna a bakin lasifika, kada kuma a goya jariri a tsaya kusa da ita. Ka rage muryar wayarka, kada ka yi barci da ita a kunne. Kada ka sa tsinken ashana ko gashin kaza a kunne. Na san susar tana da daɗi, amma dodon kunne fata ce siririya, dauɗar kunne kuma takan fito da kanta. Kada ka mari yaro a kunne, gama mari ɗaya yana iya fasa dodon. In kunne yana zubar da ruwa ko mugunya, kada a ɗiga masa manja ko ruwan ganye, a kai ga likita. Ka kuma sani waɗansu magunguna, kamar allurar jentamisin da kwinin, suna iya taɓa kunne in an sha su ba bisa ƙa'ida ba, saboda haka kada ka karɓi allura a hannun mai talla. In kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, kada ka kwana biyu kana jira. A nan Douala akwai likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a manyan asibitoci, kamar asibitin Laquintinie da ke Akwa. Wanda jinsa ya riga ya ragu kuma, akwai ɗan injin ƙara ji. Sa shi ba abin kunya ba ne, kamar tabarau ne ga ido.

Saura magana ɗaya kafin mu rabu. Akwai kurumtar da ba ta tsoka ba ce, ba ta katantanwa ba. Ƙasar nan da mu ke takawa shaida ce. A zamanin Jamus, masu mulki suka ƙudura su tashi mutanen Duala daga gidajensu na bakin kogi, su mai da su can baya, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakaninsu da Turawa. Wurin da aka nufa da su shi ne New Bell, inda daga baya baƙi suka taru, Hausawa da Bamileke da Basa da sauransu. Mutanen Duala suka yi kuka, suka rubuta takardu har majalisar Jamus. Sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya tsaya ya yi magana a madadinsu. Aka yi kunnen uwar shegu da su, aka rataye shi ran 8 ga Agusta 1914. Kafin watan Satumba na shekarar ya ƙare, garin ya fita daga hannun Jamus. Mutanen nan lafiyar kunnensu ƙalau, ba su dai so su ji ba ne.

Kai fa, abokina? Doki ba ya iya ɓoye inda hankalinsa ya ke, kunnensa yakan tona shi. Kai kuwa kunnenka a tsaye ya ke, saboda haka kana iya zama gaban mahaifiyarka tana magana, kana cewa to, to, zuciyarka tana kasuwa. Ba wanda zai gane. Dabba tana juya kunne ba da shawara ba, kai sai ka yi niyya. Yau da dare in ka koma gida, ka kashe rediyo, ka ajiye waya, ka juya fuskarka wajen wanda ke yi maka magana, ko matarka ce, ko ɗanka, ko tsohon da kowa ya gaji da shi. In a gidanku akwai mai nauyin kunne, kada ka yi masa ihu daga nesa. Ka matso, ka bari ya ga bakinka, ka yi magana a hankali.

Mutanen da suka ce kunne ya girmi kaka, gama ta wurinsa mu ke sanin abin da ya faru tun ba a haife mu ba. Suka kuma ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Yau ka ji. In ka san mai aikin inji, ko uwar da ɗanta ba ya amsa kira, ka miƙa musu wannan takarda, in ba su iya karatu ba ka karanta musu.

Allah ya kiyaye mana jinmu da ganinmu. Sai wani mako, in Allah ya kai mu. Ka huta lafiya.